Yadda na bi layin lasisin farautar elk a Kolorado, da abin da na gani a wajen rabon

Assalamu alaikum jama'a. 'Yan'uwanmu da dama mazauna nan Amurka sun yi ta kirana suna tambayar yadda aka yi na samu takardar farautar elk, wasu ma sun ɗauka kanti kawai ake zuwa a biya kuɗi a faɗa daji, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe don kar wani ya sha irin ruɗanin da na sha. Ni a Orora nake zaune, jihar Kolorado, kuma duk abin da zan faɗa na wannan jihar ne, don kowace jiha da tata dokar. Ga wanda bai san dabbar ba, elk dangin barewa ce amma ƙatuwa, namijin yakan kai kilo 300 ko fiye kuma shi ke da ƙahon nan mai rassa, macen ba ta da ƙaho. Kolorado ta fi kowace jiha yawansu, ana lissafa kusan 300,000, amma fa a farkon ƙarni na 20 sun kusa ƙarewa ƙarƙaf saboda harbin da babu ƙa'ida, sai da aka kawo guda 50 daga Wayomin a 1916 aka sake su. Wannan tarihin ne ya sa ba sa wasa da ƙidaya, kuma ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan a nan.

Wani abokin aikina ne ya fara ja min ra'ayi, haifaffen jihar ne, tun yana yaro yake bin babansa. Abu na farko da ya ce min shi ne in je in yi kos ɗin koyon farauta, don duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau ba za a sayar masa da lasisi ba sai da katin wannan kos ɗin. Rabi na yi shi ta intanet da daddare bayan na taso aiki, karatu ne da tambayoyi kan yadda ake riƙe bindiga, yadda ake tsallake shinge da ita, inda ake saiti a jikin dabba don kar ta sha wahala, sannan sauran rabin dole ka je da ƙafarka ranar Asabar, a yi jarrabawar rubutu a kuma ba ka ƙaramar bindiga ka harba a gaban malami. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, abin da ya fi wuya shi ne samun gurbi, don daga Fabrairu zuwa Maris ajujuwan cika suke yi tunda kowa na son ya samu kati kafin a rufe rajista. Ni da 'yan yara 'yan shekara sha biyu sha uku muka zauna aji ɗaya, iyayensu na jiransu a mota, a lokacin abin bai dame ni ba, sai daga baya na gane cewa waɗannan yaran sun riga ni shiga layi da fiye da shekara ashirin na rayuwa.

Daga nan sai buɗe asusu a shafin hukumar namun daji ta jihar, wato Colorado Parks and Wildlife, su ba ka lambar da za ta bi ka har abada. Sun nemi lasisin tuƙi na jihar, da lambar soshiyal (wato Social Security), da lambar katin kos ɗin. Maganar zama ɗan jiha tana da muhimmanci sosai, sai ka yi wata shida cur a jere kana zaune a Kolorado kafin ranar da za ka cike fom, kuma lasisin tuƙinka ya nuna haka, in ba haka ba a matsayin baƙo za a ɗauke ka, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Sannan ga wata magana da ta shafe mu mu 'yan ci-rani musamman, mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, zai iya mallakar bindiga kamar kowa bayan an binciki tarihinsa, amma wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai in ya faɗa cikin 'yan togaciyar da aka yi, ɗaya daga ciki shi ne yana da lasisin farauta mai aiki. Don Allah wanda takardunsa ke wannan matakin ya tambayi lauya kafin ya taɓa ko harsashi, wannan ba wurin ganganci ba ne. Ni lokacin da na sayi tawa an yi binciken, kuma yanzu jihar ta ƙara da jiran kwana 3 kafin a miƙa maka.

To a Fabrairu littafin dokokin shekara ke fitowa, kyauta ne a kantunan kayan farauta, ana kuma sauke shi a waya. Ranar da na fara buɗe shi kaina ya yi zafi wallahi, shafi bayan shafi na lambobi da haruffa. Ashe jihar an yanka ta yanki-yanki, kowane yanki da lambarsa, kuma kowace farauta da nata lambar sirri, harafin farko E na elk, na biyu M namiji ko F mace ko E ko wanne, sai lambobi uku na yankin, sai zangon, sai harafin ƙarshe da ke nuna makami, R bindiga, A kwari da baka, M kuma bindiga mai ɗurin baki irin adakar nan tamu. Masu baka da masu adaka a Satumba suke shiga, masu bindiga kuma zango huɗu ne daga Oktoba zuwa Nuwamba. Ana buɗe rajistar shiga rabon takardun farkon Maris a rufe ranar Talatar farko ta Afrilu, kuma in ta wuce ta wuce, babu roƙo babu alfarma. Kafin ma fom ɗin ya karɓe ka sai ka fara sayen wani ƙaramin lasisi, yawanci na farautar ƙananan dabbobi, a 2024 dala 30 da wani abu ne ga ɗan jiha, da wani kan sarki na kula da muhallin dabbobi wajen dala 12, sai kuɗin fom dala 8 ga ɗan jiha a shekarar. Waɗannan ba a maido su ko ka ci ko ba ka ci ba. Shi kuwa lasisin elk ɗin sai ka ci ake cira daga katin bankinka, a 2024 ɗan jiha dala 60 da wani abu ne, baƙo kuma sama da dala 800, kuma duk shekara sai an ɗan ƙara.

Ana ba ka zaɓi huɗu a fom ɗin. Na zauna da abokin nan nawa a wajen cin abincin rana ya yi min bayanin maki, wanda shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Duk shekarar da ka nema ba ka samu zaɓinka na farko ba ana rubuta maka maki ɗaya. In aka zo rabo, kwamfuta na fara ba mai maki mafi yawa, ta sauko ta sauko har takardun su ƙare, sai a tsakanin waɗanda makinsu ya zo daidai ne kawai ake jefa ƙuri'a. Ranar da ka ci zaɓin farko makinka ya koma sifili. Akwai ma wata lamba ta musamman, E-P-999-99-P, wadda in ka sa ta a zaɓin farko kana nufin maki kawai kake so bana. Na sa wani yanki mai suna a farko, na sa mace a zaɓi na biyu a wani yankin, na biya, na koma jira.

Jiran nan kusan wata biyu ne, sakamako sai ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Mutanen nan har wata dabara gare su, kafin imel ya zo sai su yi ta leƙa asusun banki, in ka ga an cire kuɗi to ka ci. Ni ma na kamu da ciwon, ina layin biyan kuɗi a kanti ina duba waya, maman yara har ta ce min, Baban yara wai albashi ake jira ne ko me. Ba a cire komai ba. Imel ya zo ya ce ban samu ko ɗaya ba, ga maki ɗaya. Raina bai ɓaci sosai ba don na sa ran haka, abin da ya tsaya min a rai shi ne abin da na gani da na buɗe rahoton rabon da hukumar ke wallafawa kowace shekara, wanda kowa zai iya dubawa, yana nuna mutum nawa suka nema, takarda nawa aka bayar, da makin da aka tsaya. Yankunan nan na kusurwar arewa maso yamma da kowa ke mafarki, 2 da 10 da 201, inda manyan maza suke kuma mafarauta 'yan kaɗan ne, ɗan jiha ma sai ya haura maki 20 sosai kafin ya sa rai. Na duba rahoton shekarun baya sai na ga lambar ba a tsaye take ba, hawa take yi, don masu jira a sama sun fi takardun yawa, kowa kuma ana ƙara masa ɗaya duk shekara. Kamar adashe ne da kake zubi ba fashi amma ranar kwasarka sai ƙara nisa take yi. Na yi lissafi da shekaruna na ga in dai a wannan tsarin ne ko gwiwoyina sun kai ni, layin ba zai kai ni ba.

Ina so in faɗi gaskiya a nan, don kar wani ya fahimce ni a baibai. Ban ga maguɗi ba. Babu wanda ya ce in kawo wani abu, babu ɗan wane, babu a san ka a san ni, kwamfutar ba ta san sunana baƙo ne ba, kuma alƙaluman a buɗe suke ga kowa. Wannan ya burge ni ƙwarai. Amma layi ya zama tsabtatacce daban, ya zama ya yi wa kowa adalci kuma daban. Wanda aka haifa a gidan mafarauta an fara tara masa maki tun yana shekara 12. Wanda ya zo ƙasar yana da shekara talatin da wani abu kamar ni, ko Ba'amurken da babu mafarauci a danginsu sai da ya girma ya yi sha'awa, ko macen da ta fara bayan aure, duk sun tarar an riga an rufe ƙofar manyan yankunan ba tare da sun yi laifin komai ba. Akwai ɗan sassauci da aka yi, a farautar da ke buƙatar maki 10 ko fiye ana ware kashi 20 cikin ɗari a jefa ƙuri'a tsakanin duk wanda ya kai maki 5, to amma in takardun yankin gaba ɗaya ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kashi 20 ɗin nawa ne.

Bayan babban rabo akwai na biyu a tsakiyar shekara na abin da ya rage, a nan ba a amfani da maki kuma yara 'yan 12 zuwa 17 ake fara ba, wannan kam na goyi baya ɗari bisa ɗari. Abin da ya sake raguwa ana sayar da shi ranar Talatar farko ta Agusta da ƙarfe 9 na safe, wanda ya riga ya riga. Na ɗauki hutun rabin rana na zauna gaban kwamfuta da lambobin da nake so a rubuce a bayan ambulan, tara na bugawa aka jefa mu layin intanet, kafin in shiga waɗanda na rubuta duk an kwashe. A shekarar sai na sayi irin wanda ake sayarwa kai tsaye ba ƙuri'a, na namiji a zango na biyu, wanda ke aiki a yankuna da yawa. Wannan shi ne abin da Kolorado ta fi sauran jihohi da shi, ba za ka rasa shiga daji ba. Amma da muka isa bakin hanyar dajin, motoci sun yi jerin gwano da lambobin Tekzas da Wiskonsin da ko'ina, duk tudun da ka ɗaga kai sai ka hango rigar lemu, don doka ce mai bindiga ya sa riga da hula masu kalar lemu ko ruwan hoda mai ƙyalli. Dabbobin kuma ba wawaye ba ne, harbin farko suna jin sa suke gangarawa gonakin masu zaman kansu inda ba mu da ikon shiga. Na dawo da ciwon ƙafa da tari, ko kashinsu sabo ban gani da yawa ba.

A wannan tafiyar ne na fahimci ɗaya ƙofar, wadda ita ta fi damuna har yau. Mai gona ko wurin kiwo da ya kai eka 160 yana iya yin rajista, kuma a yammacin babbar hanyar I-25 har kashi 20 cikin ɗari na takardun yanki ana cire wa masu filaye tun kafin a zo kanmu. Hujjar ita ce dabbobin a gonakinsu suke cin ciyawa da hunturu, suna karya shinge suna cinye harawar shanu, kuma wannan gaskiya ne, na gani da idona. Amma an yarda mai filin ya sayar da takardar ga wanda ya ga dama, a yankuna masu kyau kuɗin dubban daloli ne, wanda ya saya kuma bai taɓa makinsa ba. Wato abin da wani ya yi shekara ashirin yana jira, wani zai same shi bana ya sake samu baɗi in aljihunsa da nauyi. Akwai kuma 'yan ƙalilan da ake gwanjonsu ana zuba kuɗin a kula da dabbobin, waɗannan ba su dame ni ba don ba su da yawa. Ni a ganina a biya mai gona diyyar ɓarnarsa, a ba shi takarda shi da iyalinsa, amma dabbar da doka ta ce ta jama'a ce bai kamata ta koma haja ba.

Sai rigimar ɗan jiha da baƙo, wadda in ka zauna da mafarauta ko minti goma sai ta taso. Da ana ba baƙi har kashi 35 na yawancin takardun, daga 2024 aka mayar da shi 25, a manyan yankuna kuma 20, sannan daga 2025 baƙo mai kwari da baka ba ya iya sayen na kai tsaye a yammacin jihar sai ya shiga ƙuri'a. Ni ɗan jiha ne yanzu, canjin ya amfane ni, amma wani mutumin Ohayo da muka haɗu a gidan mai ya faɗa min maganar da ban iya amsa masa ba, ya ce sama da kashi ɗaya cikin uku na Kolorado filin gwamnatin tarayya ne, da harajinsa ake kula da shi, kuma yana biyan ninki goma na abin da nake biya. Kotun Ƙolin Amurka ta riga ta yanke tun 1978 a wata shari'a kan elk ɗin Montana cewa jiha na da ikon caje baƙo fiye da ɗan gida, don haka ta fuskar doka magana ta ƙare. Kuma kuɗin baƙin nan kaso ne mai tsoka a abin da ake ƙidaya da gadin dajin da shi, shi ya sa ba za a taɓa korarsu gaba ɗaya ba.

Shekarun da suka biyo sai na canza tunani. Na tambayi kaina me nake so, ƙaho na rataye a bango ko nama na halal a firiza, amsar kuma a fili take. Na koma rahoton rabon na nemo yankunan da ake samun takardar mace da maki kaɗan ko ma babu, na sa ɗaya a zaɓin farko na ƙona ɗan abin da na tara ba tare da na ji zafi ba. Wannan karon an cire kuɗin. A tabbatar katin banki bai mutu ba kafin Yuni, don in cirar ta ƙi kuma wa'adin biya ya wuce, takardar da makin duka sun tafi. Kafin tafiya na je wajen malaminmu na ce, Allah gafarta malam ya hukuncin abin da aka harba da bindiga, ya ce in yi bismillah lokacin harbi, in na tarar da ita da sauran rai in yanka. Haka aka yi, da sanyin safiya a wani kwari mai itatuwa a tsayin da numfashi ke yi wa mutum wuya, na same ta tana shure-shure na yanka. Nan take ake sa hannu a takardar a cire ɓangaren da ake ɗaurawa a jikin naman, ana kuma barin shaidar cewa mace ce manne da cinya ɗaya. Yatsuna sun ƙage har biro ya ƙi rubutu sai da na sa shi a hammata ya ɗumama. Ɗauko naman a baya zuwa mota shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi, barin nama a daji kuma laifi ne babba, haka ma sayar da shi, kyauta kawai aka yarda. A wasu yankunan dole a kai kan dabbar a gwada wata cutar ƙwaƙwalwa da ke kama dangin barewa, a duba littafin.

A hanyar dawowa mun tsaya shan kofi muka haɗu da wani dattijo da ya ce makinsa ya haura ashirin, kuma ransa a ɓace yake da canjin da hukumar ta amince da shi wanda zai fara a 2028, inda rabin takardun za su ci gaba da tafiya ga masu maki mafi yawa, rabi kuma a jefa ƙuri'a da kowa a ciki, maki na ƙara maka dama kawai. Ya ce shi ya bi doka, ya haƙura da farauta mai kyau shekara da shekaru, yanzu da ya zo bakin ƙofa za a rage masa rabo a ba wanda ya zo jiya. Na ji tausayinsa har zuciyata don an yi masa alƙawari ne a fakaice. Duk da haka ina ganin rabi da rabin ya fi, don tsohon tsarin ma ba lallai ya kai shi ba kafin ƙarfinsa ya ƙare, kuma ya rufe ƙofa ga jikokinsa. Aidaho da Niyu Meziko ba su da maki sam, ƙuri'a ce zalla kowace shekara, can kuma kukan da ake yi shi ne wani ya ci sau biyu a jere wani ya tsufa bai taɓa ci ba.

Wanda zai fara, shawarata ya yi kos ɗin tun kafin sabuwar shekara, ya shiga rajista duk Afrilu ko da maki kawai zai karɓa, don in ka yi shekara 10 a jere ba ka nema ba ana goge abin da ka tara. Ya karanta rahoton rabon kafin ya zaɓi yanki, ba hotunan ƙaho a Facebook ba. In za ku cike fom a ƙungiya ku sani da makin mai mafi ƙaranci za a auna ku duka. Adadin takardun ma ba tabbas gare shi ba, bayan mugun hunturun 2022 zuwa 2023 da ya kashe dabbobi da yawa a arewa maso yamma an zaftare su sosai. Mai yaro da ya kusa shekara 12 kuma ya kai shi ajin nan tun yanzu, nawa babban na riga na sa sunansa a na watan gobe.